Ko sukarin da ake gani a fitsari zai iya nuna yadda ciwon hanta ya yi nisa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Maigidana yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma bara likitoci suka ce hantar ta yi tabo, ta fara ƙanƙancewa. Yana shan maganin tenofovir kullum, ba ya fashi. Makon jiya ya je kyamis aka tsoma masa tsinken gwaji a fitsari, aka ce akwai suga, alhali ba a taɓa ce masa yana da ciwon suga ba. Na kuma ga wani rubutu a intanet da ke cewa masana suna iya gane tsananin ciwon hanta ta hanyar auna sinadaran sukari a cikin fitsari. Shin wannan yana nufin hantarsa ta ƙara lalacewa ne? Kuma za mu iya dogara da gwajin fitsari, tunda ya fi arha, maimakon awon jinin da ake sa mu yi duk bayan wata shida? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Malama, Allah ya ba maigidanki lafiya, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiyar jinya. Zan fara da abin da ya fi tsaya miki a rai: sugan da tsinken kyamis ya nuna ba ma'aunin lalacewar hanta ba ne, kuma a yau babu wani gwajin fitsari da likitoci suka amince ya maye gurbin awon jini da hoton ciki wajen tantance inda ciwon ya kai. Amma sakamakon da kuka gani ba abin watsarwa ba ne, domin a jikin mai tabon hanta da ke shan tenofovir yana iya nuna abu biyu mabambanta, kuma kowannensu yana da maganinsa idan an gano shi da wuri.

Rubutun da kika gani yana da tushe, don haka ya kamata ki san inda maganar ta samo asali. Hanta ita ce rumbun sukarin jiki. Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa, hanji yana narkar da sitacin ya koma gulukos, wato irin sukarin da ke yawo a jini, sai babbar jijiyar da ta taso daga hanji ta kwashe shi ta kai wa hanta kafin ya isa ko'ina. Hanta tana cire wani kaso ta adana shi a matsayin gilaikojin, wanda a jikin babban mutum mai lafiya yakan kai kimanin giram 100, sannan cikin dare ko lokacin azumi ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan don kada sugan jini ya faɗi. Idan ajiyar ta ƙare, ita ce kuma ke ƙera sabon gulukos daga wasu sinadarai da tsoka da kitse suke aiko mata. Ban da wannan, ita ce ke sarrafa yawancin sauran nau'o'in sukari guda biyu, wato galaktos da ke cikin madara da furuktos da ke cikin zuma da 'ya'yan itace, kuma ita ce ke kawar da kusan rabin insulin ɗin da jiki ya fitar, wato sinadarin da ke sauke sugan jini, tun a zagayen farko. Gaɓar da take riƙe da wannan aiki duka, in ta samu rauni, dole a ga alamarsa a yadda jiki ke tafiyar da sukari, kuma wani ɓangare na alamar yakan biyo fitsari.

Likitocin Turai sun yi wannan tunani tun fiye da shekara ɗari da suka wuce. A 1901 Hermann Strauss na Berlin ya fito da gwajin ba majiyyaci furuktos ya sha, a duba ko zai fito a fitsarinsa. A 1906 Richard Bauer na birnin Biyana ya kawo na galaktos, wanda ya fi karɓuwa ya kuma daɗe ana aiki da shi: a narkar da giram 40 a ruwa majiyyaci ya shanye da safe kafin ya karya, a tara duk fitsarin da ya yi cikin awa 5, in galaktos ɗin da ya fita ya haura giram 3 sai a ce ƙwayoyin hantar sun gaza. An yi amfani da shi wajen rarrabe shawarar da ta taso daga lalacewar naman hanta da wadda toshewar bututun madaciya ta haddasa, domin a farkon toshewa hantar tana nan da ƙarfinta, gwajin yakan fito lafiya. Daga baya, a shekarun 1960, Niels Tygstrup na ƙasar Denmak ya gyara hanyar, ya mayar da ita ta allura a jijiya, ana auna saurin ɓacewar galaktos daga jini, fitsarin kuma ana tara shi ne kawai don a cire abin da ya zube ta ƙoda daga lissafi.

Wannan gyara da Tygstrup ya yi yana nuna inda matsalar take. Abin da ya fito a fitsari ya ratso hanji, ya ratso hanta, ya ratso ƙoda, kuma kowannensu ya sa hannu a sakamakon. Mutumin da hanjinsa ke jinkirin tsotsewa zai fitar da galaktos kaɗan ko da hantarsa ta lalace, wanda ƙodarsa ta yi rauni shi ma haka, kuma raunin ƙoda abu ne da ya zama ruwan dare ga masu tabon hanta da ya yi nisa. Ga shi kuma hanta gaɓa ce mai rarar ƙarfi, tana iya rasa kaso mai yawa na namanta tana ci gaba da aiki, saboda haka gwajin yakan ce lafiya lau a lokacin da ciwo ke cin mutum a ɓoye. Shi ya sa da aka samu awon jini na zamani, gwajin Bauer ya fita daga asibitoci, na Tygstrup kuma ya tsaya a cibiyoyin bincike.

Akwai wani sinadari da ake kira asid ɗin gulukarik, wanda hanta ke samarwa daga gulukos a hanyar da take bi wajen shirya magunguna da guba domin fitar da su. An yi ta auna shi a fitsari tun shekarun 1970, amma an lura cewa magungunan farfaɗiya irin su phenobarbital da phenytoin suna ɗaga shi sosai, haka ma shan giya, don haka ya fi nuna abin da ke zaburar da hanta fiye da yawan naman da ya rage mata.

Abin da rubuce-rubucen intanet suka fi magana a kai yanzu shi ne sabon salon bincike, inda ake sa digon fitsari a na'urar da ke karanta ɗaruruwan ƙananan sinadarai a lokaci guda, sannan kwamfuta ta kwatanta tsarinsu a jikin masu lafiya da masu tabon hanta da masu sankarar hanta. A wannan bincike Najeriya tana da hannu kai tsaye. A 2010 masu bincike daga Kwalejin Imperial ta Landan tare da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun wallafa sakamakon nazarin fitsarin majiyyatan Najeriya, inda suka nuna cewa tsarin sinadaran fitsari yana bambanta masu sankarar hanta da sauran mutane, kuma cikin waɗanda suka fi nuna bambancin akwai kiriyatinin da kanitin da kiriyatin da asiton. A 2014 Dakta Nimzing Ladep da abokan aikinsa suka faɗaɗa nazarin a kan majiyyatan Afirka ta Yamma. Yawancin waɗannan sinadarai suna da alaƙa da yadda jiki ke samo ƙarfi, domin hantar da ajiyar sukarinta ta ragu takan sa jiki ya koma ƙona kitse da tsoka tun bayan 'yan awanni ba ci. Ni ina ganin wannan aiki yana da muhimmanci ƙwarai ga ƙasashenmu, inda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma da yawansu ba sa zuwa asibiti sai ciki ya kumbura. Ranar da aka samu tsinken da zai gano sankarar hanta a ɗakin shan magani na ƙauye, rayuka da yawa za su tsira. Amma wannan ranar ba ta zo ba, kuma na'urorin da ake waɗannan nazarce-nazarce da su ba su da wata dangantaka da tsinken da ke kyamis.

Dalilan jinkirin a fili suke ga duk wanda ya taɓa aikin awo. Abin da mutum ya ci jiya, da yawan ruwan da ya sha, da ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinsa, da magungunan da yake sha, duk suna sauya sinadaran fitsari. Akwai kuma wata matsala ta lissafi da ta shafi masu ciwon hanta musamman. Don a gyara bambancin fitsari mai kauri da mai ruwa-ruwa, akan raba adadin kowane sinadari da adadin kiriyatinin, shi kuwa kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, kuma mai tabon hanta tsokarsa tana zagwanyewa, ka ga hannuwa da cinyoyi sun sirance ciki kuma ya yi gaba. Idan abin da ake rabawa da shi ya ragu, sakamakon zai hau ko da sinadarin da ake nema bai motsa ba. Wanda bai kula da wannan ba sai ya ɗauka ya gano alamar tsananin ciwo, alhali ramar majiyyacin ce ya auna.

To, mu koma ga maigidanki. Tsinken da aka tsoma masa gulukos kaɗai yake ganewa, ba ya ganin galaktos ko furuktos. Ƙoda mai lafiya tana tace gulukos sannan ta mayar da shi jini gaba ɗaya, ba ta barinsa ya zube sai sugan jini ya haura kimanin 10 a ma'aunin milimol, wato 180 a ma'aunin miligiram. Saboda haka idan an ga gulukos a fitsari, ko dai sugan jinin ne ya hau har ya fi ƙarfin ƙodar, ko kuma ƙodar ce ta kasa riƙe wanda yake daidai. Hanyar rarrabewa ɗaya ce, a auna sugan jini.

Idan sugan jinin ya hau, mai yiwuwa irin ciwon sugan nan ne da hanta ke jawowa, wanda likitan Jamus Bernhard Naunyn ya bayyana tun 1906. Tabon da ke cikin hanta yana tare hanyar jini, sai jinin da ya taso daga hanji ya nemi wasu jijiyoyi ya zagaye ta, gulukos da insulin su kwarara cikin jiki ba tare da an rage su ba, tsoka kuma a hankali ta daina jin insulin ɗin saboda yawansa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu tabon hanta suna da ciwon suga, kuma mafi yawan sauran sugansu yakan hau fiye da ƙima bayan cin abinci. Wannan nau'in yana da wuyar kamawa. Awon safe kafin a karya yakan fito daidai, domin hantar ba ta da ajiyar da za ta saki cikin dare, sai bayan an ci abinci sugan ya yi tashin gwauron zabi. Awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku, shi ma yakan fito ƙasa da gaskiya, saboda saifar da ta kumbura tana lalata jajayen ƙwayoyin jini kafin su cika kwanakinsu, ga kuma zubar jini da ƙarin jini da wasu ke fama da su. Mai sikila ma yana da irin wannan matsala da wannan awo. Abin da ya fi dacewa shi ne a ba shi ruwan gulukos giram 75 ya sha bayan ya kwana bai ci ba, a auna jininsa bayan awa 2. Idan ya kai 11.1 a ma'aunin milimol, wato 200 a ma'aunin miligiram, an tabbatar da ciwon suga. A wannan gaɓa rubutun da kika karanta yana da gaskiya ta wani fanni, domin ciwon suga ya fi yawa ga waɗanda hantarsu ta fi rauni, kuma yana ƙara haɗarin kamuwa da ƙwayoyin cuta da ruɗewar ƙwaƙwalwa da sankarar hanta. Duk da haka akwai masu tabo mai tsanani da fitsarinsu babu ɗigon suga, akwai kuma masu ƙaramin tabo da suga ya cika musu fitsari saboda sun gaji ciwon suga daga iyayensu.

Idan kuwa sugan jinin ya fito daidai, fitsarin kuma ya ci gaba da nuna suga, to hankali ya koma kan ƙoda, kuma a nan ne tenofovir ya shigo. Magani ne mai kyau wanda ya ceci hantar mutane masu ɗimbin yawa, amma tsohon nau'insa, wanda ake rubuta TDF a jikin kwalinsa, a jikin 'yan tsirarun masu shansa yakan taɓa ƙananan bututun ƙoda da ke mayar da gulukos da fosfet (sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi) da sauran sinadarai cikin jini. Suga a fitsari tare da lafiyayyen sugan jini yana cikin alamomin farko na wannan rauni, kafin a kai ga ciwon ƙashi da kasalar tsoka da hawan kiriyatinin a jini, wanda ke nuna ƙoda ta rage tacewa. Likitansa zai so ya auna kiriyatinin da fosfet a jini, da furotin a fitsari, in ya ga alamar rauni sai ya sauya masa zuwa entecavir ko sabon nau'in tenofovir da ake kira TAF, waɗanda suka fi sauƙi ga ƙoda. Ina roƙonki da babbar murya, kada wannan bayani ya sa ya ajiye maganin da kansa ko na kwana biyu. Mai tabon hanta da ya daina tenofovir farat ɗaya, ƙwayar cutar tana iya dawowa da ƙarfi, hantar da dama da ƙyar take riƙe da aikinta ta gaza gaba ɗaya. Sauyin magani aikin likita ne, kuma ranar da aka ajiye wancan ranar ake fara wannan.

Kafin duk wannan ma, a maimaita gwajin a ɗakin awo na asibiti. Kwalbar tsinken da ta daɗe a buɗe cikin zafi da laima takan ba da sakamakon ƙarya, fitsarin mai shawara da ya yi duhu kamar ruwan shayi yana wahalar da karanta launin, yawan shan bitamin C kuma yana iya ɓoye sugan da yake nan. Ki duba cikin magungunansa ko akwai dapagliflozin ko empagliflozin, waɗanda ake rubuta wa masu ciwon suga ko ciwon zuciya, domin aikinsu shi ne zubar da suga ta fitsari da gangan.

Akwai wuri guda da sukarin fitsari yake faɗar magana kai tsaye a kan hanta, wato jarirai. Jaririn da aka haifa ba shi da sinadarin sarrafa galaktos, da ya fara shan nono cikin kwanakin farko sai shawara da amai da kumburin hanta su bayyana. Tsinken gulukos ba zai nuna komai ba, amma tsohon gwajin Benedict, wanda ake dafa fitsari da shuɗin ruwa a ga ya rikiɗe zuwa kore ko ja, yana kama galaktos ɗin, kuma wannan saɓani tsakanin gwaje-gwajen biyu shi ke sa likita ya dakatar da madara nan take ya nemi tabbaci. Ko a nan ɗin, gwajin yana nuna musabbabin ciwon ne, ba ya faɗin girman ɓarnar.

Girman ɓarnar kuwa da awon da ake sa ku yi ake gane shi. Ma'aunin Child da Turcotte na 1964, wanda Pugh ya gyara a 1973, yana haɗa abu biyar: bilirubin, wato sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya, da albumin, furotin ɗin da hanta ke ƙerawa, da saurin daskarewar jini, da ruwan ciki, da ruɗewar ƙwaƙwalwa. Maki 5 zuwa 6 rukunin A ne, hantar tana riƙe da aikinta. 7 zuwa 9 rukunin B. 10 zuwa 15 rukunin C, inda hali ya yi tsanani. Akwai kuma ma'aunin MELD da aka samar a asibitin Mayo na Amurka, wanda tun 2002 ake amfani da shi a can wajen jera masu jiran dashen hanta, asalinsa an gina shi ne a kan bilirubin da daskarewar jini da kiriyatinin. Waɗannan an gwada su a kan dubban majiyyata shekara da shekaru, an ga yadda makinsu ke tafiya da abin da ya samu mutanen daga baya, kuma wannan tabbaci ne gwaje-gwajen fitsari ba su samu ba tukuna. Na san kuɗin awo yana da nauyi, don haka ki nemi likitan ya faɗa miki waɗanda ba a fasa su. A ganina hoton ciki na duk wata shida yana sahun gaba, domin shi ne ke kama sankarar hanta tana ƙarama, lokacin da ake iya yi mata wani abu. Ki kuma tambaye shi kai tsaye ko maigidan yana rukunin A ne ko B ko C, haƙƙinku ne ku sani.

Idan an tabbatar da ciwon suga, kada a saya masa magani a kyamis bisa kwatancen abin da wani ɗan'uwa ke sha. Glibenclamide yana daɗewa a jikin mai raunin hanta har ya kayar da suga ƙasa warwas, metformin kuma ba a ba wanda hantarsa ta kai ga ruwan ciki ko ƙodarsa ta yi rauni, shi ya sa sau da yawa ake zaɓar insulin a fara da ɗan kaɗan. Kada kuma a hana shi abinci da sunan rage suga. Mai tabon hanta yana buƙatar ci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, da isasshen furotin kamar wake da ƙwai da kifi da nono, sannan ya ɗan ci wani abu kafin ya kwanta don kada jikinsa ya kwana yana cin tsokarsa. Maganar azumi ma a tattauna ta da likita tun kafin watan ya kama.

A irin wannan jiki faɗuwar suga ta fi hawansa saurin kisa, kuma fitsari ba ya nuna ta ko kaɗan. Idan kika ga ya jiƙe da gumi, hannunsa yana rawa, maganarsa ta sarƙe, ko ya kasa gane mutanen gida, ki auna sugan yatsansa in kuna da na'urar. In ya gaza 4 a ma'aunin milimol, wato kimanin 70 a ma'aunin miligiram, kuma yana iya haɗiya, ki ba shi ruwan sukari ko zuma, sannan ku tafi asibiti ko da ya warware. In ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi. In kuma sugan daidai yake amma ruɗewar tana nan, ko yana barci da rana yana farke da dare, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, to wannan daga hantar ne, kuma a ranar ake kai shi asibiti tare da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.